Kafin Ka Tafi Makarantar Tauhidi, Ka Zauna da Mutanen Gidanka

Duk shekara idan lokacin cika takardun shiga makaranta ya yi, ba na rasa matasa daga ikilisiyoyinmu na Sakkwato da za su tare ni bayan sujada. Tambayoyinsu ba sa wuce uku: Malam, wace makaranta ta fi? Helenanci, harshen Sabon Alkawari, yana da wuya kamar yadda ake faɗa? Nawa ake biya? Galibinsu magidanta ne, wani ma matarsa na tsaye can gefe da goyo tana jiran ya gama. Har yau babu wanda ya tambaye ni yadda gida zai kasance bayan ya tafi. Ni ma a lokacina ban tambayi kowa ba, kuma iyalina ne suka ɗanɗana kuɗar hakan.

Zaɓen makaranta ba shi ne abin damuwa ba, domin ikilisiyarka ma za ta nuna maka inda take tura mutanenta. Akwai Kwalejin Tauhidi ta Arewacin Nijeriya (TCNN) a Bukuru da aka buɗe a 1959, akwai JETS, makarantar tauhidi ta ikilisiyar ECWA, a Jos tun 1980, ga ta Kagoro a kudancin Kaduna. Abin da ya kamata ka duba shi ne nisa. Daga Sakkwato ka bi Talatar Mafara, Gusau, Funtuwa, Zariya, Saminaka, kafin ka hau tudun Jos rana ta faɗi. Hanyar Zamfara kuwa ba ta tafiyar dare ba ce yanzu, kowa ya san dalili. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota ma kaɗai ya isa ya hana ka leƙo gida. Saboda haka wanda ya ce maka "ai za ka riƙa leƙo su ƙarshen mako" bai taɓa bin hanyar ba. Sai hutu, sai kuwa rasuwa.

Ni sanarwa na yi a gida, ban yi shawara ba. Na dawo da takardar ɗauka a hannu na ce wa maiɗakina Allah ya kira ni. Mace mai tsoron Allah, me za ta ce? Ta yi shiru, can ta ce, "To, Baban yara, Allah shi ba da sa'a." Na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Ba mu zauna mun lissafa kuɗin haya ba, ba mu yi maganar kuɗin makarantar yara uku ba, balle na 'yan ga-ruwa, wanda a unguwarmu ta Mabera ba ƙaramin abu ba ne in bazara ta shigo. Ba mu tsayar da wanda za a buga wa ƙofa ba idan zazzaɓi ya kama yaro da tsakar dare. Dattawan ikilisiya sun ce za su riƙa taimakawa, ni kuma kunya ta hana ni tambayar nawa, yaushe, ta hannun wa. Mutanen kirki ne, amma kwamiti kan canza, baikon ikilisiya kan yi ƙasa, kuma abin da ba a rubuta ba kowa da yadda yake tuna shi. Ka roƙa a sa maganar cikin littafin taron kwamiti, da adadinta da ranar biyanta, a kuma riƙa tura ta kai tsaye ga matarka. Wannan ba rashin bangaskiya ba ne. A farkon 2023, lokacin ƙarancin takardun kuɗi, ɗan abin da muke da shi yana asusuna, katin kuma yana aljihuna a Filato, ita tana Sakkwato tana cin bashin gero wurin maƙwabciya. Asusu da sunanta da na buɗe tun farko, da bai ci mini ko yini guda ba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai maganar akuya ce.

Muna da jajayen awaki a bayan gida, irin namu na Sakkwato da fatarsu ta yi suna tun zamanin fatake, wadda ake kaiwa ta Sahara har Turawa suka riƙa zaton ta Maroko ce. Zango na biyu ya zo, kuɗin makaranta bai cika ba, sai na ja babbar cikinsu zuwa kasuwar dabbobi ta Kara na sayar. A lissafina dabbar gida ce, ni ne maigida, karatun kuma na Allah ne. Na manta, ko in ce na ƙi tunawa, cewa a gidan Bahaushe babu akuyar da ba ta da mai ita. Wannan ta babbar 'yata ce, kakarta ta ba ta tun tana 'yar burguma. Ita ke tsinto mata harawa, ita ke ba ta dusa kafin ta tafi makaranta. Ga shi tana da ciki, cikin akuya kuwa wata biyar ne, kuma irin nan sukan haifi biyu. Yarinyar har ta gama lissafin abin da za ta yi da 'ya'yan. Da ta dawo ta tarar da turke babu kowa, ba ta yi kuka a gabana ba. Ta dai ce, "Baba, mi ta yi maka?" Na kawo mata ayoyi kan bayarwa da daɗin rai. Yau idan na tuna sai kunya ta rufe ni, domin ayar tana magana ne a kan wanda ya bayar da kansa, ba wanda aka ƙwace wa ba.

Na biya ta daga baya, da akuya wadda ta fi waccan girma. Ta karɓa ta yi godiya, amma ba ta ƙara kula da turken kamar da ba, ƙanenta ne ya ci gaba da kiwon. Idan dole sai an sayar da dabba don karatunka, ka kira mai ita ko da shekararta bakwai, ka faɗa mata halin da ake ciki, ka nemi rance, ka sa ranar biya, ka kuma cika. Mai yiwuwa ta ba ka kyauta ma. Yaran fastoci da yawa da ka ga sun girma suna gudun majami'a, idan ka bi sawu ba koyarwa ce ta kore su ba. Tun suna ƙanana suka ga duk abin da aka raba su da shi, sunan aikin Allah ake kira.

Kare kuma sakaci ne zalla. Baƙi ne, yara suka sa masa Duna, ni nake ɗaure shi da safe in sake shi da dare. Da na tafi babu mai wannan ƙa'ida, kuma ban taɓa kai shi allurar rigakafin haukan kare ba, alhali asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo yana nan cikin gari. Wata rana ya yakushi ɗan maƙwabcinmu da haƙori a ƙafa. Maƙwabtanmu Musulmi ne, da ma haƙuri suke yi da kare a tsakiyar unguwa, kuma su ne mutanen da na bar wa amanar gidana. Maiɗakina ce ta sha zirga-zirgar asibiti, ta biya kuɗin allurai, ta yi ta ban-haƙuri, ni ina can ina rubuta jarrabawa kan ƙaunar maƙwabci. Abin dariyar ma, cibiyar binciken dabbobi ta Vom, wadda ke harhaɗa alluran rigakafin karnuka tun shekaru aru-aru, ba ta da nisa da inda nake zaune. Ga abin da na sani yanzu: ana fara yi wa ɗan kwikwiyo rigakafi yana wata uku, a riƙa maimaitawa kowace shekara, a ajiye katin inda matarka ta sani. Idan ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15, a tafi asibiti ran nan, a tsare karen a lura da shi kwana 10. Ciwon nan idan alamunsa suka bayyana ba a tashi. In kuwa babu wanda zai iya riƙe karen bayanka, ka kai shi ƙauye wurin 'yan'uwa tun kafin ka tafi.

Tantabarun ɗana na tsakiya su ne suka koya mini yin waya. Da farko idan na kira, magana ɗaya ce: kana karatu? Kana jin maganar Mama? Ya ce e, ya ce e, ya miƙa wayar. Ran da na tambaye shi ko farar ta yi ƙwai, sai da katina ya ƙare bai gama ba. Daga bakinsa na ji cewa biyu suke sakawa, macen da namijin suna karɓa-karɓa wajen kwanci, kwana 18 su ƙyanƙyashe, kuma mussar gidan bayanmu ta gano ƙofar akurkin. A cikin labarin mussar ne ya saka mini cewa wani yaro yana dukansa a makaranta.

Sai karatun kansa. Shekaru da yawa rabona da aji, sai ga ni gaban harufan Helenanci 24 da na Ibrananci 22, na biyun ma daga dama zuwa hagu ake karanta shi kamar Larabci. Dabarata ita ce in tara komai sai jarrabawa ta matso, in kwana zaune da shayi. Na ci wasu, na faɗi Helenanci na farko, abin da na ci ɗin ma bai kai hutu a kaina ba. Maganin yana ƙofar gidanmu tun ina yaro ban gani ba. Duk wanda ya tashi a Sakkwato ya san sautin makarantar allo da asuba: ɗan kaɗan, da ƙarfi, kullum, ba a wanke allo sai abin ya zauna. Da na koma haka, rabin sa'a kafin gari ya waye, kalmomi kaɗan a 'yar takarda, ina faɗa da baki, sai harshen ya fara saki. Ribar da ban zata ba ita ce hutu ya zama hutu. Kafin nan nakan zo gida da jaka cike da littattafai, in rufe ɗaki, in riƙa tsawa a yi shiru Baba na karatu. Mutanen da suka yi wata da watanni suna jirana sai su koma tafiya da sanɗa a gidansu. Zafin Afrilu ya wuce digiri 40, ba wuta, ni ba karatun kirki ba, su ba uba ba.

Akwai kuma girman kai da ke shiga ɗalibin shekarar farko, ban san wanda ya tsira daga shi ba. Na dawo ina gyara wa matata addu'a. A sujadar gida ina jefa manyan kalmomin Turanci, yara na hamma. Littafi Mai Tsarki cikakke yana hannun mutanenmu da Hausa tun 1932, tsofaffin da suka riƙe ikilisiyoyin nan da shi suka rayu suka mutu, ni kuma zango biyu kawai na fara ganin bai ishe ni ba. Gwajin da nake ba ɗalibai yanzu shi ne: abin da aka koya maka a makon nan, ka faɗa wa matarka da Hausa a waya cikin minti biyar. Idan ka kasa, kai ma ba ka gane ba tukuna.

Wannan ya kawo ni kan ita kanta. Manzo Bulus ya gaya wa Timoti cewa wanda bai iya tafiyar da gidansa ba, ta yaya zai kula da ikilisiyar Allah? Mun haddace ayar don jarrabawa, muka fahimce ta a kan ladabtar da yara kawai. Mu 'yan Sakkwato ma ba mu da uzuri, domin a ƙasar nan ne Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya soki malaman da ke wuni suna karantar da almajirai su bar matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru don ilimi ya isa ga matan karkara. Maƙwabcina malamin zaure ne ya tuna mini da wannan, yana murmushi, ran da ya ji ina fahariya da yawan littattafaina. Ran da aka naɗa ka, matarka ta zama "Mama" ko ta shirya ko ba ta shirya ba. Zumuntar Mata za su sa ta gaba, mai rikicin aure ita za ta fara samu kafin kai, a ce ta buɗe taro da Maganar Allah. Tawa an jefa ta cikin wannan ba tare da ko darasi ɗaya ba, alhali yawancin makarantun nan suna da sashen horar da matan ɗalibai. Ban taɓa shiga ofis na tambaya ba.

To, a tafi da iyali ko a bar su? Ra'ayina, in akwai hali ko yaya, a tafi tare. Za ku matsu a ɗaki ɗaya ko biyu, abinci zai yi ƙaranci wani lokaci, kuma sanyin Jos a watan Disamba ba irin hunturunmu ba ne, yaron Sakkwato sai an tanadar masa rigunan sanyi da bargo tun kafin a sauka daga mota. Duk da haka ya fi rabuwa sauƙi. Wanda matarsa ke aikin gwamnati, ko yaransa ke ajin jarrabawa, ko yake jinyar tsoho, wannan dole ya bar su, sai ya yi shirin da ni ban yi ba. Kafin ka biya ko kwabo, ka rubuta wa makarantar ka tambaya: akwai gidajen ɗalibai masu aure, kuma layin jira ya kai ina? Akwai firamare kusa? Ana ba ɗalibi ɗan fili ya yi noma? An yarda a ajiye kaji ko akuya? Matar ɗalibi tana biyan kuɗin nata karatun dabam ne? Amsar da suka ba ka, ka ajiye ta gaban matarka ku karanta tare, sannan ka je ka cika takardar.