Yadda muka tsere daga Lome zuwa Akra

A zangon Lome aka haife ni, kuma ina ɗan makaranta a 1977 lokacin da gwamnatin Janar Eyadema ta rushe unguwarmu, ta kwashe mu zuwa bayan gari ta arewa. Babu wanda ya ɗaga murya, domin tun 1969 jam'iyyar RPT ce kaɗai a ƙasar Togo, kuma kowa ɗanta ne ko yana so ko ba ya so. Ana fitar da mu daga aji, a jera mu cikin rana muna rawa da waƙar yabon shugaba. Abin da ya fi wannan ciwo shi ne 'yan leƙen asiri, domin mutum bai san ko maƙwabcinsa ne ke kai rahoto ba, har ta kai mahaifinmu sai ya kulle ƙofa ya rage murya kafin ya kama labaran ƙasashen waje a rediyo.

A watan Afrilun 1991 aka tsamo gawawwaki daga tafkin unguwar Be a Lome. A ranar 25 ga Janairun 1993 aka buɗe wa masu zanga-zanga wuta, bayan 'yan kwanaki kuma sojoji suka shiga unguwanni suna harbi, sai jama'a suka yi ta kwarara zuwa Gana da Binin. Da asuba muka fita, ni da mahaifiyata da ƙannena, ta ɗinke kuɗinta a cikin haɓar zane, muka bi ɓarauniyar hanya zuwa Aflawo, garin kan iyaka a ɓangaren Gana. Da gangan ba mu ɗauki akwati ba, saboda mai akwati shi ake tsarewa a tambaya.

Da yawa sun zauna a sansanin 'yan gudun hijira na Klikor, amma mu muka wuce Akra, inda wani dattijo mai fataucin goro a unguwar Nima, abokin cinikin mahaifinmu, ya sauke mu. Da ya ga mahaifiyata tana kwance haɓar zane, sai ya ce, "Hajiya, ki bar kuɗinki, ai gida kuka zo." A nan na gane cewa zumuncin zango ya fi kowace takarda amfani ga mai gudun hijira, kuma wanda ke da sana'ar hannu ba ya daɗewa a kan tabarmar wani, ɗinki ne ya ciyar da mu.

Tsoro kuwa bai tsaya a kan iyaka ba. Na yi shekaru a Nima ina waiwaye kafin in ambaci sunan shugaban, idan kuma na ji matasa suna sukar gwamnati a wurin mai shayi, sai in tashi in bar wurin gabana yana faɗuwa.

Da Eyadema ya rasu a watan Fabrairun 2005, sojoji suka ɗora ɗansa Faure, rikicin zaɓe ya sake koro mutane. A wannan karon mu ne masu masauki, kuma iyali guda sun zauna a ɗakin ɗinkina har bayan babbar salla.