Filo a kan sirdi

Yau ina jiran layi wurin mai aski sai idona ya faɗa kan wata tsohuwar kalanda, hoton wani ƙaton kwazazzabo ruwa na kwararowa, wallahi na ɗauka aikin kyamara ne ashe zanen hannu ne, na Thomas Moran. Ɗan masaƙi daga Bolton a Ingila, aka kawo shi Amurka yana shekara 7. A 1871 ya bi masu binciken ƙasa zuwa Yellowstone, wani daji a yammacin Amurka, bawan Allah bai saba hawan doki ba, ga rama, har filo yake ɗorawa kan sirdi. Shekara na zagayowa majalisar dokokin Amurka ta sayi zanensa dala 10,000.

Har aka gama min aski filon nan ne ya tsaya min a rai.