Ranar da na juye ruwan bola a matatar ruwan najasa

Har yanzu in hadari ya taso ta wajen teku, tankokin nan da na ba umarni ne ke faɗo mini a rai. A lokacin ina shekara ta biyu da karɓar sashen muhalli na ƙaramar hukumarmu, bola da matatar ruwan najasa duk suna hannuna. A tsibiri muke. Filin bola ɗaya ne, matata ɗaya ce, ruwan da muke sha kuma yana ƙarƙashin ƙafarmu, kwance a kan ruwan gishiri. Duk abin da ka zubar, in bai ɓullo a rijiya ba zai ɓullo a gaɓar teku.

Kwana uku aka yi ana tafka ruwa. Tafkin da muke tara baƙin ruwan da ke tsatsowa daga bola ya kusa tumbatsa, saura kamar taki ɗaya. Lissafin ba wuya: milimita 1 na ruwan sama a kan hekta 1 lita 10,000 ne, wato milimita 100 lita miliyan 1. Mu kuwa mun bar fiye da rabin bolar a buɗe, saboda ƙasar rufi tana yi mana wuyar samu. Da hannunmu muka shimfiɗa wa ruwan sama tabarma.

Tsoro ya kama ni, kuma ina da dalili. Na karanta labarin bolar Ordot da ke tsibirin Guam, wadda ruwanta ya yi ta gangarawa kogin Lonfit har wata kotun tarayyar Amurka ta ƙwace ragamar sharar tsibirin daga hannun gwamnatinsa a 2008, aka rufe bolar a 2011. Na kuma san an rufe tsibirin Boracay na ƙasar Filifin wata shida a 2018, kuma ruwan najasa na cikin manyan dalilan. Sai na ce a kawo tankoki, a kwashe tafkin, a juye a bakin matata. A yini ɗaya.

Dattijon da ke kula da matatar ya tare ni a ƙofa. Ya ce, "Yallaɓai, a bar ni in auna ruwan nan tukuna." Na ce, "Baba, babu lokaci, ai ƙazanta duk ƙazanta ce." Bai ƙara magana ba, ya buɗe. Wannan amsa tawa ita ce ta fi ci mini rai har yau, domin awon da ya nema ba zai wuce minti ashirin ba.

Ashe matata abu ce mai rai. Bakteriya ne ke cinye dattin, kuma masu sarrafa amoniya (wani sinadari mai ɗauke da naitirojin da ke cikin ruwan datti) a cikinsu su ne mafi rauni da jinkirin hayayyafa. Amoniyar ruwan bola takan ninka ta ruwan gidaje sau goma ko fiye, kuma kowane kilo ɗaya na naitirojin ɗinta yana cin oksijin wajen kilo 4.6 kafin ya sarrafu. Injinan hura iskarmu an auna su ne da ruwan gari. Kafin wayewar gari oksijin ya ƙare a tanki, taɓon da bakteriyar ke rayuwa a ciki, wanda ya saba zama ruwan ƙasa, ya yi baƙi, kumfa ta taso, wari ya isa unguwanni. Ruwan da muke sakewa teku ya fita a gurɓace. Tekun da na so karewa daga bola, ni na kai mata dattin ta bututun matata, haɗe da na dukan gari.

Nan na ɗanɗani zaman tsibiri. A babban yanki sai ka aika tanka wata matata ta ɗebo maka taɓo mai rai ka sake dasawa. Mu ba mu da ta biyu. Inji ɗaya ya ƙone saboda aikin dare da rana, kayan gyaransa sai da muka jira jirgin ruwa. Makonni muka kwashe muna jiran bakteriya su farfaɗo, muna hana yara wanka a gaɓa, masunta suna zuwa ofis da fushi. Da gaskiyarsu.

Abin da muke yi yanzu, rabinsa daga bakin wannan dattijo ya fito. Ruwan bola na shiga matata kullum, amma kaɗan kaɗan, da dare lokacin da ruwan gari ya ragu, kuma ba ya shiga sai an auna amoniya da oksijin an rubuta a littafi. Tafkin kuwa tun da rani muke rage shi, don damina ta same shi da sarari. A bola mun ƙuntata wurin zuba shara, sauran mun rufe da tamfol mai kauri, muka haƙa magudana a kewaye don ruwan sama mai tsabta ya wuce ba tare da ya taɓa shara ba. Wannan magudanar kaɗai ta rage mana wahala fiye da duk abin da muka saya, kuma na yi ta ganin ta a takardar tsari shekara guda ina ɗaga ta saboda kasafi.

Wanda duk aka damƙa wa waɗannan wurare biyu, ya zaunar da mai bola da mai matata a teburi ɗaya kafin ruwan farko, su yanke lita nawa matata za ta iya ɗauka a awa, a sa hannu. Ni na sa an ƙara layi ɗaya a tamu takardar: mai kula da matata yana da ikon mayar da tanka, ko daga ofishina umarnin ya fito. A daminar bara sau biyu ya mayar.