Boris da hunturun Jamus

Na zo Jamus da kanikanci a hannuna, amma a nan sai da takarda ake yarda ka iya. Dole na koma ɗalibi, wasu ranaku a gareji, wasu a makaranta, shekara 3 da rabi kamar yadda tsarinsu ya tanada. Garejin da ya karɓe ni yawancin aikinsa tsofaffin motoci ne masu ɗaki a ciki, da gado da murhu da tankin ruwa, waɗanda ake tafiya hutu da su. Har da Volkswagen T3 da aka fara ƙerawa a 1979, masu su na lallaɓa su kamar ƙwai.

Abin da ya fara ɗaure min kai boris ɗin ƙafa ne, wato zoben ƙarfen nan mai 'ya'ya a ciki da ƙafar mota ke juyawa a kansa. Titi sumul, mota ba ta yi wata tafiyar kirki ba, amma a kawo ta tana gurnani, in ka karya sitiyari kukan ya sauya. Na tambayi maigidana me ke cinye su tunda babu rami. Ya ce, "Je ka duba lambarta."

A gefen lambar an rubuta 04 a sama, 10 a ƙasa. Daga Afrilu zuwa Oktoba kaɗai take da izinin hawa titi, sauran wata 5 tana tsaye wuri guda. Tsayuwar nan ce cutar. Nauyin motar ya danne 'ya'yan boris a gurbi ɗaya, giris ya matse ya bar wajen, ƙarfe na gugar ƙarfe. Sanyi da ɗumi suna ta musanya, raɓa ta taru a ciki, tsatsa ta ci shi ɗigo-ɗigo. In robar da ke tare giris ta tsufa ta tsage, ruwa ya samu ƙofa. Waɗanda ke fita da hunturu kuma, gishirin da ake watsa wa titi don narkar da ƙanƙara ne ke ƙarasa su.

Sai nauyi. Motar kaya tana ɗauka ta sauke, ta huta. Wannan ba ta sauke komai: katako, batir na biyu, tukunyar gas, kekuna a baya, ga ruwa kowace lita kilo 1. Wasu sun riƙe kilo 3,500 da ke kan lasisin tuƙinsu, sun manta takardar motar ta yanke mata ƙasa da haka nesa ba kusa ba.

Amma a ganina hannu ya fi komai ɓarna. Boris ɗin gaba na waɗannan tsofaffin ba ya son a shaƙe shi. Ana ɗaure noti ana juya ƙafar, sannan a sassauta har wosha, ɗan faifan ƙarfen da ke bayan notin, ta ɗan motsa in ka tura ta da bakin sukundireba. Mai mota ya gyara da kansa ranar Asabar, ya ɗaure iya ƙarfinsa don a zaton sa hakan ne aminci, boris ya yi zafi ya ƙone. Wani da guduma zai buga sabon, wani ya gauraya giris iri biyu da ba sa jituwa, wani ya sa faffaɗan rim don ado ya karkatar da nauyin. Birki ma in ya maƙale bayan doguwar tsayuwa, zafinsa na narkar da giris.

Gane wannan bai ba ni wahala ba kamar faɗarsa. Yaya zan dubi dattijon da ya sayi motarsa tun ba a haife ni ba, in ce masa hannunsa ne ya yi ɓarnar, da Jamusancin da ban gama ƙwarewa ba? Sai in yi ta kewaye-kewaye. Maigida ya ja ni gefe ya ce a nan kewaye rashin sanin aiki ake ɗaukarsa, in faɗa kai tsaye, in nuna boris ɗin. Na gwada a kan wani dattijo, gabana na faɗuwa. Ya jujjuya ƙarfen a hannunsa, ya ce mu hau da motar kan sikeli. Nauyin bayan motar ya wuce ƙa'ida. Ya yarda ya rage ruwan tanki, ya yarda a ɗora ta kan jak da hunturu, amma kekunan ya ce ko kusa ba ya taɓa su.