A kan gadar Kennedy

Yau da yamma cunkoso ya tsayar da taksinmu a tsakiyar gadar Kennedy ta Yamai, muna hanyar unguwar Harobanda. Direba na ta tsaki, sai wani dattijo da ke gaba ya ce masa, "Yi haƙuri ɗana, mu da muka ƙetare kogin nan a kwalekwale, wannan ba jira ba ne." Ya ce yana saurayi aka buɗe gadar a 1970, zamanin Diori Hamani, shekara goma kacal da samun 'yancin kai. Amurka ce ta taimaka da kuɗin. Ya ce ranar da ya fara taka ta sai da ya tuɓe takalmansa ya riƙe a hannu, yana leƙen ruwa ta ƙasa, gabansa na faɗuwa. Direba ya ce, "To Baba, ai Amurkawan mun sallami sojojinsu a 2024." Tsohon ya gyara hularsa ya ce, "Na sani. Wanda ya yi maka alheri ka faɗa, in ya saɓa ma ka faɗa."

Maganar ta zauna mini a rai. Na san manyan ƙasashe ba sa ba da kyauta don Allah kawai, kowa da abin da yake nema, kuma wancan lokacin ana tsakiyar yaƙin cacar baka. Amma dubban ɗaliban jami'ar Abdou Moumouni ta nan suka bi suka yi karatu. Gada ta biyu ta 2011 da ta Seyni Kountché ta 2021 kuma Sin ce ta gina mana. Wallahi ina so in ga ranar da injiniyoyinmu za su gina ta huɗu a Yamai da kuɗinmu.