Burtalin da bai fito a taswirata ba

Shekara uku ke nan ina aikin taswira a Gombe, amma ranar da ta fi tsaya mini a rai ita ce wadda wani Arɗo ya ɗora yatsa a kan takardata ya ce, "Ɗana, nan ne ka ce babu mai shi?"

An ba mu aikin tantance wani yanki a ƙaramar hukumar Kwami: ina ya dace da noma, ina za a bar wa kiwo, ina za a dasa itatuwa. Na sauke hotunan Sentinel-2, tauraron ɗan'adam na Turai da aka fara harbawa a 2015, wanda kowane ɗigo a hotonsa ke wakiltar fili mai mita 10 tsawo da faɗi. Na haɗa su da awon tudu da gangare a manhajar zana taswira ta QGIS, na rarrabe ƙasar launi-launi. Sai ga wani dogon zirin fili, ba gona ba gida. Na shafa masa kore, na rubuta cewa a dasa itatuwa.

Ashe burtali ne. Hoton watan Maris na zaɓa saboda babu gajimare, alhali a lokacin an daɗe da girbi, shanu na kiwo a cikin gonaki, ba ruwansu da hanya. Na ce wa Arɗo, "Baffa, ban ga alamar shanu a hoton ba." Ya ce in dawo idan gero ya kai ƙugu. Da damina, shuka ta rufe dama da hagu, wannan zirin kaɗai ke kai garke mashaya. Da an bi shawarata an zagaye shi da shinge, shanu gonakin mutane za su faɗa, kuma duk ɗan yankin nan ya san abin da ke biyo baya. Na kwana biyu abin yana damuna, domin sa hannuna ne a ƙasan takardar.

Wannan bai sa na raina na'ura ba, don akwai abin da take gani wanda mazaunin wuri ba ya gani. Garin Gombe yana ƙarƙashin tudun Akko, ƙasarsa mai yashi ce, ba ta da riƙo. Tun da ya zama babban birnin jiha a 1996 gine-gine suke ta hawa tudu. Hotunan Landsat, tauraron ɗan'adam na Amurka, waɗanda aka fara ɗauka a 1972 aka kuma buɗe su kyauta a 2008, suna nuna hakan ƙarara idan ka jera na shekaru daban-daban: inda a da gonaki da daji ke shanye ruwa, yanzu kwano ne da kwalta da siminti. Ruwan sai ya taru ya gangaro da ƙarfi, kwazazzabo ya yi ta cin bakinsa kowace damina. Wani magidanci ya taɓa ce mini shekara ashirin yana gidansa ruwa bai taɓa kusantarsa ba. Gaskiya ya faɗa. Abin da ya canza yana can sama da shi, nesa da ƙofar gidansa, sai da na nuna masa hanyar ruwan a allon kwamfuta ya yi shiru yana kallo.

Yanzu ba na shafa launi sai na fita. Nakan buga hoton babba, in shimfiɗa a tabarma gaban mai unguwa da Arɗo da manoma, in nemi matan da ke zuwa itace su ma su duba, don su suka san wace kuka ce ba a sara, ina ne tsohuwar maƙabarta. Kuma ina duba hoton rani da na kaka tare, ko da na damina gajimare ya ɓata shi.

Burtalin nan kuwa, da ƙafa muka bi shi ni da ɗan Arɗo, na'urar GPS a hannuna, tun hantsi har la'asar. A wurare da dama gonaki sun matse shi har shanu biyu ba za su jera ba. Waɗannan wuraren na sa wa jan alama a sabuwar taswirar, na kai wa Arɗo da mai unguwa kowa kwafinsa.