Daƙiƙa 599 da ban auna ba

Wata shida na yi ina fama da ƙwaƙwalwar wata 'yar na'ura mai auna danshin ƙasa, wadda muke son dasawa a gonakin rani na Kadawa. Na'urar takan farka ta yi awo, sannan ta koma barci don ta tanadi batir. Hankalina duka yana kan wutar da take ci a lokacin da take aiki. Na karanta cewa idan ka raba ƙarfin wuta, wato bolt, biyu, abin da kowane lissafi ke ci yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu, sai na yi ta rage bolt ina jin daɗin abin da mita ke nuna mini.

Malamina ya duba takarduna ya ce, "Yaro, cikin minti goma daƙiƙa nawa take farke?" Na ce, "Ɗaya, Malam." Ya ce, "To sauran 599 ɗin wa ya auna su?"

A daren nan na zauna na buga lissafi. Idan ta farka tana jan mili'amfiya 5, amma da yake daƙiƙa ɗaya ce kacal, in aka baje ta a kan minti goma da kaɗan ta wuce mikro'amfiya 8 (duka biyun ma'aunin wutar da na'ura ke ja ne, mikro'amfiya dubu ke yin mili'amfiya ɗaya). Barcinta kuwa, da na auna, mikro'amfiya 40 yake sha, saboda wani resista, ɗan abin da ke rage gudun wuta, da na bari yana ta zubar da wuta. Batirin CR2032, wannan mai kama da kwabo, yana riƙe kusan mAh 220 (mAh shi ne ma'aunin yawan wutar da batir ke ɗauke da ita). A kan mikro'amfiya 10 zai kai shekara biyu da rabi. A kan 50, wato kusan jimillar 8 da 40 ɗin da tawa ke sha, wata shida ya mutu, kuma manomi ba zai bar shukarsa yana bin na'urori hamsin yana canza musu batir ba.

Sai a lokacin na gane dalilin da ya sa masu bincike a jami'ar Berkeley suka ɗora 'yar na'urar awonsu Telos ta 2004 a kan ƙwaƙwalwar da ake kira MSP430: tana barci mai nauyi, tana kuma farkawa cikin 'yan mikrosakan. Rediyonta CC2420 ya ƙara buɗe mini ido, domin yana cin wuta a sauraro fiye da yadda yake ci a aika saƙo. Kunnen da aka bari a buɗe shi ma ɓarna ne.

Akwai kuma zafi. Yoyon wuta a cikin transista, wato ɗan makunnin da ke cikin ƙwaƙwalwar, yana ƙaruwa idan jikinsa ya ɗau zafi, adadin da na samu a ɗakin gwaji mai sanyi kuma ba shi zan samu a gona cikin Afrilu ba. Yanzu kafin in taɓa komai, nakan kwantar da na'urar barci, in rufe ta a akwatinta, in ɗora a kan rufin kwano da tsakar rana, sannan in karanta mita.